Hayaƙin Bayan Kwalbati

Aikin Auta a ofishin kula da muhalli na birnin shi ne awon iska. Akwai akwatuna goma sha biyu da aka ɗaure a jikin turakun lantarki a unguwanni daban-daban, kowanne da 'yar fanka a ciki da ke zuƙo iska ta bi ta kan wata farar takarda mai faɗin tafin hannu. Duk Litinin sai ta shiga motar ofis da tsani, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta cire takardar da ta yi mako, ta sa sabuwa. Ta unguwar masu hali takan fito da ɗan duhu kaɗan. Ta bakin babbar tasha takan fito toka-toka. Ta akwati na bakwai kuwa, wanda ke layin maƙera, baƙa ƙirin take fitowa kamar gindin tukunya.

A layin maƙeran nan aka haife ta. Mahaifinsu zubin tukwane yake yi, yana narka tsofaffin ƙarafan alminiyam ya zuba su a cikin ƙasar da aka danna da siffar tukunya, kuma tari ne ya yi ajalinsa tana aji uku a sakandare. Yayanta, wanda ya girme ta da shekara goma sha huɗu, shi ya gaji murhun, shi ya kuma ɗauki nauyin karatunta har ta gama. Gidan na bayan maƙerar. A ciki akwai Inna mahaifiyarsu, da Yaya, da matarsa, da 'yarsu mai shekara bakwai da ake ce wa Aku saboda bakinta ba ya hutawa. Ita Auta tunda ta sami aiki aka ba ta ɗaki ɗaya a hawa na uku a gidajen ma'aikata.

Shekarar da ta fara aiki ce magajin gari ya ƙaddamar da shirin da aka yi ta yayatawa a rediyo. Birnin na ta girma, kullum sabuwar unguwa na tsirowa a inda jiya gona ce, motoci da injinan wuta na ƙaruwa, hayaƙi ma haka. Shirin ya ce nan da shekara goma sha biyar, hayaƙin da birnin ke turawa sama zai ragu har ya zo daidai da wanda itatuwansa ke iya zuƙewa. Za a kawo bas masu lantarki, a hana tsofaffin motoci shiga gari da rana, a dasa itatuwa, a kuma fitar da masu sana'ar wuta zuwa sabon wuri inda za a ba su murhun gas. Auta ta yarda da shirin har cikin ranta. Wadda ta riƙe wa ubanta kwano yana tofar da baƙin kaki ba sai an yi mata dogon bayani ba.

Ranar da aka liƙa takardar tashi a ƙofar maƙera, ta je gida bayan an tashi daga aiki. Ta tarar da Yaya a tsugune yana danna ƙasar zubi cikin akwatin katako. Bai ɗago ba.

"Sannu da aiki, Yaya."

"Yawwa, 'yan boko. Kin ga wasiƙar da kuka aiko mana?"

"Na gani. Wata uku aka bayar."

"An ce da awon akwatin nan na bakin layi aka yanke hukunci. Wa ke hawa tsani ya buɗe shi?"

"Ni ce."

"Madalla. An ce garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Ni kazar da na kiwata ce ta tono min tawa."

"Yaya, abin da na gani shi na rubuta. Hayaƙin nan ne ya kashe Baba, kai ma ka sani. Can za a ba ku gas da wuta da ruwa. Na ga zanen wurin da idona."

"Zane," ya ce, ya hure ƙasa daga bakin akwatin. "Ni ma kafin in zuba tukunya ina da zanenta a kaina, amma ban taɓa ganin wanda ya dafa abinci a cikinsa ba."

Inna ta leƙo daga ƙofar cikin gida. "Ku bar min wannan magana haka. Kai, ƙanwarka ba ita ce hukuma ba. Ke kuma shigo ki ci abinci, kin tsaya kamar baƙuwa."

Bayan wata uku katafila ta rushe layin, maƙera da gidajen da ke bayansu duka, don a gina tashar sabbin bas. Wurin da aka ba su yana bayan babban titin da ya kewaye birnin, in ka wuce wani ƙaton kwalbati ka gangara. Kwari ne. A zanen da Auta ta gani akwai itatuwa a jere da famfo a kowace kwana. Abin da ta tarar kuwa rumfunan kwano ne guda sittin, da turakun lantarki babu waya, da bututun gas da aka jibge a gefen hanya har ciyawa ta fara rufe su. Kuma ba maƙera kaɗai aka kawo ba. An haɗo masu narka batir, da masu ƙona waya su cire tagulla, da masu gasa bulo, daga unguwanni huɗu, aka zube su wuri ɗaya. Da yake zuwa daga cikin gari kullum ba zai yiwu ba, kowa ya kafa ɗakuna a bayan rumfarsa ya kawo iyalinsa.

Gas bai zo ba, gawayi kuma an hana sayar da shi. Sai suka koma ga baƙin man da garejoji ke zubarwa. Akan rataye jarka a sama, man ya riƙa ɗiga ta siririn bututu cikin murhu. Yana narka ƙarfe da sauri, amma hayaƙinsa nauyi gare shi, ba ya tashi sama. Kwanciya yake a kwarin tun daga hantsi har yamma.

A cikin gari kuwa abubuwa sun canza, wannan babu ƙarya. Takardar akwati na bakwai ta fara fitowa fara. Wata Litinin da aka yi yayyafi, Auta na kan tsani a tsohon layinsu sai ta ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, abin da ba ta taɓa ji a wurin ba tun tasowarta. Shugabar makarantar firamaren da ke kusa ta tare ta ta ce yara sun daina fashin zuwa saboda tari. Ranar Auta ta koma ofis da farin ciki.

Wata Asabar ta je ganin gida. Matar Yaya na kwashe shanya da sauri tun kayan ba su bushe ba.

"Ai dole," ta ce. "In ban kwashe kafin su kunna wuta ba, sai in sake wanki. Dubi ɗankwalin nan, jiya fari ne."

Aku na zaune a bakin ƙofa ta dafa gwiwoyinta, kafaɗunta na ɗagawa suna sauka.

"A'a, yau Aku babu labari?" in ji Auta. "Ko an canza miki suna ban sani ba?"

"Gwaggo," yarinyar ta ce, ta tsaya ta ja numfashi, "in na yi magana da yawa, iskata ƙarewa take yi."

Daga cikin ɗaki Auta na jiyo ƙirjin Inna yana fito kamar butar da ta tafasa. Da ta yi mata magana sai tsohuwar ta ce sanyi ne kawai, zai wuce.

Akwai akwatin awo guda da ke ajiye a siton ofis saboda ko wani ya lalace. Auta ta ɗauke shi ba ta gaya wa kowa ba, ta sa shi a buhu ta kai shi bayan kwalbati, ta haɗa shi da batirin mota, ta ɗaure a rufin maƙerar Yaya. Shi dai ya riƙe mata tsani. Bayan kwana uku ta koma ta buɗe. Takardar ba baƙi kaɗai ta yi ba, maiƙo take yi, har tana manne wa yatsa.

Washegari ta shiga ofishin Darakta ta ajiye ta a kan teburinsa. Darakta dattijo ne mai furfura, a kan keke yake zuwa aiki, kuma shi ya rubuta rabin shirin da hannunsa. Ya daɗe yana kallon takardar.

"Daga ina wannan, Malama?"

"Daga rufin maƙerar yayana, ranka ya daɗe. Kwana uku kacal ta yi."

Ya tashi ya je jikin taswirar da ke bango, ya aza yatsa a kan wani jan layi da ya bi titin kewaye.

"Zo ki gani. Nan ne iyakar birni. Lissafinmu a bakin kwalbatin nan ya tsaya. Abin da ke bayansa na hukumar maƙwabta ne."

"Su kuma ba su da akwati ko ɗaya."

"Ba su da shi."

"Ke nan hayaƙin bai ragu ba, ranka ya daɗe. Matsar da shi muka yi, muka tara shi a kan mutane."

Darakta ya cire tabarau ya murza idanunsa. "Kina tsammanin ban taɓa zuwa wurin ba? Sau biyu na je, na dawo da ciwon kai. Saurare ni. Nan da wata huɗu masu tallafa wa shirin za su zo daga ƙasar waje. In sun ga awonmu ya sauka, za su saki kashi na biyu na kuɗin, kuma a cikinsa gas ɗin mutanenki yake. In wannan takarda ta shiga rahoto, za su ce sai sun sake bincike, komai ya tsaya. Wanne kika zaɓa?"

Auta ta ɗauki takardarta daga kan teburin.

"Wata huɗu ne," ya ce. "Ki yi haƙuri. Kuma ki mayar da akwatin nan kafin mai sito ya rubuta ki."

Ta mayar da akwatin. Takardar kuma ta sa ta a ambulan ta ajiye a ƙasan jakarta.

A makon ne ta kai Aku asibiti. Likita ya sa abin sauraro a bayan yarinyar, ya ce asma ce, ya ba da abin shaƙa, ya ce amma maganin gaske shi ne a raba ta da wurin. Auta ta koma da shawarar ta ɗauki Aku da Inna su zauna a ɗakinta, ita ta kwana a ƙasa.

Yaya na goge hannunsa da tsumma. "Kun ɗauke min layin ubana, yanzu kuma 'yata da uwata? Sai ki haɗa da matar, in san na huta."

"Kai, rufe min baki," in ji Inna. "Girman kai ba ya maganin tari. Yarinya za ta bi gwaggonta, na gama magana."

"Ke fa, Inna?" in ji Auta.

"Ni ina nan. Hawa uku kika ce, da waɗannan gwiwoyin? In na hau ai sai dai a sauko da ni. Kuma ƙirjin da ya sha hayaƙin ubanku shekara talatin, me ya rage a ciki da za a adana? In na tafi ma, wa zai riƙa yi wa wannan mai taurin kan faɗa? Matarsa lallaɓa shi take."

Matar Yaya ta yi dariya tana share ido da gefen zane. Ita ta haɗa wa Aku kayanta a leda biyu, ta raka su har bakin kwalbati, tana ta nanata wa Auta cewa yarinyar ba ta son a kashe fitila kafin ta yi barci.

Cikin mako biyu bakin Aku ya dawo. Ta san sunan kowa a gidajen ma'aikata, ta san wanda matarsa ta yi yaji da wanda motarsa ba ta tashi sai an tura. Auta takan ce mata, "Ke, ki bar wa gobe saura," amma a ranta daɗi take ji.

Bayan wata biyu, wata Laraba da rana, hadari ya haɗo bai zubar ba, iska ta tsaya cik. Auta na ofis wayarta ta yi ƙara. Matar Yaya ce.

"Auta, Inna ce. Numfashinta ya sarƙe, leɓenta ya canza kala. Mun sa ta a akori-kurar mai bulo, ga mu a shingen titin kewaye, sun hana mu wucewa."

Auta ta san shingen. Tsofaffin motoci masu hayaƙi an manna musu jar alama, ba sa shiga gari daga safe sai bayan faɗuwar rana.

"Ba wa mai shingen wayar," ta ce.

Muryar wani mutum ta shigo, a gajiye.

"Bawan Allah, don girman Allah ka ɗaga musu. Mahaifiyata ce a motar. Ni ma'aikaciyar ofishin muhalli ce."

"To ai ku kuka kafa dokar, Malama. Wallahi ina ganin tsohuwar, tausayinta nake ji. Amma sandar ba ta ɗaguwa ga jar alama, na'ura ce ke buɗewa, ba ni ba. Na kira motar asibiti, sun ce tana wani wurin, sai ta dawo."

"Babu wata hanya?"

"Sai dai su tsallaka da ƙafa. Akwai tashar bas a gaba."

Abin da ya faru bayan nan daga bakin matar Yaya ta ji shi. Yaya ya goya Inna ya zagaye shingen, ya tsallaka titin mai layi shida motoci na ta yi masa ham, ya yi gudu da ita har tashar. Suka jira minti goma sha biyar. Da bas ta zo, fasinjoji suka tashi suka ba da kujerun baya, direban kuma da ya ga halin da ake ciki ya daina tsayawa a tashoshi, babu wanda ya yi ƙorafi. Bas ɗin ba ta ƙara, don haka kowa na jin numfashin tsohuwar. Kafin su kai kwanar asibiti aka daina jin sa.

Auta na tsaye a ƙofar asibiti lokacin da bas ta tsaya a inda ba tasharta ba. Yaya ya sauko da Inna a hannu, rigarsa ta aiki ta shafa wa zanenta baƙi. Likita ya duba, ya girgiza kai, ya rubuta tsufa da ciwon zuciya.

Auta ta jira Yaya ya zage ta, ko ya ce ga abin da bokonta ya jawo. Da ya yi hakan da ta fi samun sauƙi. Suna zaune a kan bencin asibiti ya dubi hannuwansa ya ce, "Ba ta da nauyi ko kaɗan, Auta. Ban san ta rame haka ba. Kullum muna gida ɗaya, ban sani ba." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Da baƙin suka zo, Darakta ya sa Auta ta shirya allo a babban ɗakin taro, takardun akwatuna goma sha biyu, na da a sama, na yanzu a ƙasa. Ita ce kuma za ta yi bayani. Magajin gari na zaune a gaba, kusa da shugabar baƙin, wata mata mai gajeren gashi da ke sauraro ta bakin tafinta. Auta ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo na bakwai ta nuna baƙar takarda da farar da ke ƙasanta, aka yi tafi.

Ba ta shirya abin da ta yi ba, ko da yake ambulan ɗin bai taɓa barin jakarta ba. Tafin ne ta kasa jurewa. Ta buɗe jaka ta fito da takardar, ta manna ta a ƙasan farar da yatsanta.

"Wannan ita ce ta goma sha uku," ta ce. "Daga inda aka mayar da mutanen layin nan aka ɗauko ta. Kwana uku ta yi. Mahaifiyata a can ta zauna, wata biyu ke nan da rasuwarta."

Tafinta ya dubi Darakta kafin ya fassara. Darakta ya gyaɗa masa kai. Matar ta taso ta duba takardar kusa, ta taɓa ta, ta dubi yatsanta, ta ɗauki hotonta da waya. Ta tambayi ko gaskiya ne. Darakta ya miƙe ya ce gaskiya ne, wurin na wajen iyakar birni, kuma gyaransa na cikin kashi na biyu. Matar ta yi rubutu a littafinta. Daga nan aka tafi cin abinci, da yamma kuma aka kai baƙin suka dasa itatuwa a gaban sabuwar tasha.

Abin da Darakta ya faɗa shi ya faru. Masu tallafi suka ce sai sun sake bincike, aka dakatar da kashi na biyu. A mako na gaba aka ba Auta takardar canjin wurin aiki zuwa gandun rainon itatuwa da ke bakin gari. Darakta da kansa ya miƙa mata.

"Ba ni na rubuta ba, daga sama ta zo," ya ce. "Ban ce ki yi ƙarya ba, Malama. Cewa na yi ki jira."

"Inna ma jira ta yi, ranka ya daɗe."

 Da ta fito ba ta ji ta yi nasara a kan kowa ba. Labari ya riga ya kai bayan kwalbati cewa ƙanwar mai tukwane ce ta hana gas zuwa, har wasu suka daina amsa wa Yaya gaisuwa.

Wata bakwai aka yi kafin binciken ya ƙare. Aka ƙara shafi ɗaya a rahoto game da mutanen kwarin, aka kuma kawo murhun gas takwas ga rumfuna sittin. Aka jefa ƙuri'a, Yaya bai ci ba.

A lokacin ya fara zuwa duk Lahadi ganin Aku. Auta ta lura sai ya huta sau biyu kafin ya kai hawa na uku, yana riƙe da ƙarfen bene yana yi kamar waje yake kallo. Wata Lahadi bayan Aku ta gama ba shi labarin kowa da kowa ta fita wasa, ya ce an sayar da filayen da ke kewaye da kwarin, za a gina sabbin gidaje, iyaka za ta matsa ta haɗiye su. Masu murhun gas takwas za su zauna. Sauran an ce su koma wani tsohon ramin fasa dutse, tafiyar awa biyu daga gari.

"Matata kuma tana da ciki," ya ce. "Wata huɗu."

"Yaya, akwai gurbin mai ban ruwa a gandunmu. Na yi wa shugaban magana tun watan jiya, ban dai san yadda zan gaya maka ba."

"Mai ban ruwa." Ya yi 'yar dariya da ta koma tari. Sai da ya lafa ya ce, "Shekarata arba'in da biyar, hannun nan bai san komai ba sai wuta. Yanzu a ce in koma shayar da ganye kamar mai kiwon akuya?"

"Akwai ɗaki a bayan gandun. Akwai famfo."

"Zane ne wannan ma?"

"Na shiga ɗakin da ƙafata. Rufin na yoyo a kwana ɗaya."

 Ya ce, "Yoyo ba komai ba ne, ina da kwano."

Kafin ya bar kwarin ya sayar da kayan aikinsa. Akwatunan katako da ludayin zuba ƙarfe ba su dame shi ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne tukwanen samfur guda tara da ake danna ƙasa a jikinsu, daga ƙarama har wadda mutum zai iya zama a ciki, waɗanda mahaifinsu ya goge da hannunsa har suka yi santsi. Babu maƙerin da ya so su, kowa na neman rage kaya saboda tafiya. A ƙarshe maƙwabcinsa ya karɓe su a matsayin tsohon ƙarfe, ya fara fasa su da guduma tun Yaya bai gama ɗaure katifa a kan mota ba. Yaya ya ce wa direba su tafi.

Ya fara aiki a gandun ranar Litinin. Layukan tsirrai dogaye ne, kowanne ɗari biyu a cikin baƙaƙen ledoji, kuma dole a shayar da su kafin rana ta ɗaga. Ba ya iya gama layi bai zauna ba. Likitan da Auta ta matsa masa ya gani ya ce huhunsa ɗaya ya riga ya lalace, sai dai a lallaɓa ɗayan. Shugaban gandun ya ga yadda yake yi, ya sa aka ajiye masa kujera a tsakiyar kowane layi na uku.

Sauran rumfuna hamsin da ɗaya sun tashi a ƙarshen watan, da matansu da 'ya'yansu. Auta ta rubuta wa hukumar da ramin dutsen ke ƙarƙashinta wasiƙa biyu tana roƙon a kafa akwatin awo ko guda ɗaya a can. Ta farko ba a amsa ba. Ta biyu aka dawo mata da ita da ɗan rubutu a gefe, cewa hukumar ba ta da sashen da ke kula da iska.